Wasiƙa zuwa ga Abba a Fensilbaniya

Assalamu alaikum, Abba. Ya karatu, ya sanyin ƙasar? Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka ƙwarai.

Hotunan littafin asalin Amish ɗin nan da ka turo mini sun hana ni barci. Kiristocin nan na Amurka da har yau keken doki suke hawa, ga su sun fi mu adana kakanni. Dubi Jacob Hochstetler, wanda ya sauka Amurka a 1738. A 1757 aka kai wa gidansa hari da dare, 'ya'yansa suka ɗauki bindiga, ya hana su harbi don addininsa ya haramta zubar da jini. Aka kashe matarsa da 'ya'ya biyu, aka kama shi da wasu 'ya'yansa biyu. A 1912 wani daga cikin jikokinsa ya tattara zuriyar a littafi guda, gida bayan gida: wa ya haifi wa, wa ya auri wa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amfanin da likitoci suka samu. Su Amish, tun rabuwarsu da 'yan uwansu Menonayit a 1693, a tsakaninsu suke aure. Da Dakta Victor McKusick ya ga yaransu a Lankasta, cikin jiharku ta Fensilbaniya, ana haifarsu gajeru da yatsu shida, irin waɗannan littattafai ya bi har ya kai ga mutum ɗaya, Samuel King, da matarsa, da suka zo a 1744. Ka tuna auren zumuncinmu, ka tuna yadda sikila ta wahalar da gidan baffanka.

Ni kuwa, abin kunya, daga kakan kakana na tsaya, matarsa ma ban san sunanta ba. Kai kanka sunan mahaifina kake ɗauke da shi, shi ya sa bakina ba ya iya faɗarsa.

Don haka in ka zo hutu, kafin yawon gaishe-gaishe, ka sayi littafi mai kauri ka zauna gaban Hajiya. Ka bari sai bayan la'asar, lokacin ta fi sakin baki, ka kuma riƙo mata goro fari. Kada ka tsallake mata da 'ya'yan da suka rasu suna ƙanana. Ka tambayi ciwon da ya ɗauke su. In ta yi shiru kada ka matsa, gobe ma ka koma.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka