Wasiƙa daga Yamai kan ƙabar ɗan bakwaini

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiyar asibiti? Yaya mai jego da ɗan baƙonmu? Allah ya raya mana shi, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne. Na saurari saƙon muryarka, na ga maganar ta fi ƙarfin waya, gara in rubuta yadda za ka karanta wa mai jego da Inna, tunda na san yanzu kowa da tasa shawarar a gidan.

Ka ce kumburin yana fitowa a matsematsinsa na dama idan ya yi kuka, ya sauka har cikin maraina, in ya yi barci ya koma. Lokotoro ya yi gaskiya, ƙaba ce. Kuma ka gaya wa Inna ba kuka ne ya jawo ta ba, ba hannun mai wankan jego ba ne. 'Ya'yan marainan ɗa namiji a cikin cikinsa ake halittarsu, sai a watannin ƙarshe na goyon ciki su gangaro ta wata 'yar hanya a matsematsi, bayan sun wuce hanyar ta rufe. Kai tela ne, ka ɗauka aljihu ne aka yanka ba a kai ga ɗinke bakinsa ba aka karɓe rigar. Naka ya zo da sati 31, hanyar tana buɗe, hanji ya samu wurin leƙowa. Jariran da suka cika wata tara, 1 zuwa 5 cikin 100 ne ke zuwa da ita, amma a bakwainin da bai kai kilo ɗaya ba tana iya kaiwa 30 cikin 100. Maza ta fi kamawa, kuma ta fi son dama.

Kada a haɗa ta da ƙaton cibi. Cibi yakan rufe da kansa kafin yaro ya shekara biyar. Wannan kuwa galibi sai an yi aiki. Abin da ya hana ka barci shi ne yaushe, kuma shekarun da na yi ina ba da allurar barci a ɗakin tiyata sun nuna mini tambayar ba ƙarama ba ce.

Tsoro biyu ne ke jan likitoci, kowanne ta nasa gefen. Na farko, hanjin ya fito ya maƙale. Idan ya maƙale jini ya daina kai masa, cikin awoyi kaɗan hanjin yana iya mutuwa, kuma yakan danne jijiyar ɗan marainan har ya tsumbure. Saboda wannan ne da yawa suka saba yin aikin tun kafin a sallami yaro daga ɗakin kwalba. Na biyu kuwa a ɓangarena yake. Ƙwaƙwalwar bakwaini ba ta gama ƙwarewa da sarrafa numfashi ba. Bayan allurar barci sai ka ga aiki ya yi kyau, yaro yana kwance lafiya lau, can cikin dare ƙirjin ya tsaya cak na daƙiƙa 20 ko fiye, leɓe ya canja launi, bugun zuciya ya sauka. Sau da yawa shafa tafin ƙafarsa kawai ke tayar da shi, amma sai akwai na'ura mai ƙara ko idon da bai runtsa ba. Haɗarin ya fi yawa ga mai ƙarancin jini, kuma ba a sakin jiki da shi sai yaro ya kusanci sati 60.

Ga yadda muke ƙirgen, don yana ruɗa mutane: satin da ya yi a ciki ake haɗawa da wanda ya yi a duniya. Naka 31 da 5, yau yana sati 36 ke nan.

An daɗe ana gardama, kowane likita da abin da malaminsa ya koya masa, har aka yi wani bincike a asibitoci 39 na Amurka, sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 2024. Bakwaini 338 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka yi musu aiki kafin sallama, wasu aka bar su suka tafi gida sai da suka wuce sati 55. A waɗanda aka yi wa da wuri, 28 cikin 100 sun gamu da babbar matsala, yawanci ta numfashi. A waɗanda aka jinkirta, 18 cikin 100. Har ma kusan 1 cikin 10 na masu jiran ƙabar ta ɓace ba a taɓa su da wuƙa ba. Ribar jiran ta fi fitowa a waɗanda aka haifa ƙasa da sati 28 da masu raunin huhu.

To, kada ka ji haka ka ce shi ke nan, a ɗaure kaya a koma gida. Yaran can, in hanji ya maƙale da tsakar dare, motar asibiti na ƙofar gida kafin uwa ta gama sa takalmi. Garinku fa? Na san hanyar nan ta bayan Keita da damina, ƙorama ta kawo sai a kwana a bakinta ana kallon juna da 'yan tsallake. Ni a ganina jiran yana da kyau ga wanda ke kwana kusa da ɗakin tiyata. Wanda zai yi nisa, lissafinsa dabam ne, kuma wannan ne abin da nake so ka faɗa wa lokotoron ɓaro-ɓaro, domin shi da ya taɓa yaron da hannunsa shi ke da ta cewa. Ka gaya masa inda kuke zaune da awa nawa ake yi kafin a iso Tawa. Ka tambaye shi jinin yaron nawa ne, ko za a kwana ana sa ido kan numfashinsa bayan aiki, ko suna yi wa jarirai allurar baya mai kashe rabin jiki, wadda ke rage ɗaukewar numfashi a awoyin farko. Kada ka ji nauyi, ba rashin kunya ba ne. In kuma ka ji an ce za a ba shi kafeyin, magani ne da ake aunawa da nauyinsa don ya zaburar da numfashi, kada Inna ta ji ta ɗora shayi.

In an tsaya kan jira, sauran sati 19, wata huɗu da 'yan kwanaki. Ku nemi masauki cikin garin Tawa, ko ku taho nan. Na san tafiyar ta wuce kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, amma ɗakin baya yana nan babu kowa, uwargida ma ta riga ta share shi, kuma akwai likitocin tiyatar yara a Yamai.

Mai jego ta riƙa duba wurin duk lokacin da ta canja masa tsumma. Muddin kumburin yana da laushi, yana komawa in ya natsu, ba komai. Ranar da ya yi tauri ya ƙi komawa, ko wurin ya yi ja, ko yaro ya ƙi nono yana ta tsala kuka, ciki ya kumbura, balle ya yi amai kore, kada a jira gari ya waye, kada a ƙara ba shi komai ta baki, a nufi asibiti. Ban da ɗaure wurin da ƙyalle, ban da jiƙo, wanzami kuma ya yi haƙuri, har kaciya a bari sai an shawarci likita.

Ka kira ni bayan kun ga lokotoron, ko da wane lokaci ne. Ka gaishe da Inna da mai jego, mutanen gida duk suna yi muku barka.

Naka amini,
daga Yamai.