Irin monarda ba ya son a binne shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da masu kiwon zuma da masu lambun furanni a kan monarda, furen nan da Turawa ke kira bee balm. Sau da yawa nakan ji ana ƙorafin wai irinsa ba ya fitowa, an sayar wa mutum da mataccen iri. Ni da nake shuka shi, na ce a daina ɗora wa iri laifi.

Monarda ɗan'uwan na'ana'a ne, asalinsa Arewacin Amurka, sunan kuma na wani likitan Sifen ne na ƙarni na 16, Nicolás Monardes. Ƙwayar irinsa mitsitsiya ce, kuma sai ta ga haske take tsira. Wanda hannunsa ya saba da tona rami a rufe, to ya binne ta ke nan har abada. Ni dai nakan jiƙa ƙasa mai laushi a tukunya, in barbaɗa irin a sama, in danna da tafin hannu kawai. Ruwa kuwa yayyafi ake yi masa, don kwarara shi na kwashe irin zuwa gefe guda. Daga kwana 10 zuwa mako 3 za a ga tsiro.

Tun da daga ƙasar hunturu ya fito, yana so ya ɗanɗani sanyi kafin ya farka. A cakuɗa shi da yashi mai danshi a leda, a ajiye a firji kamar wata guda, sannan a shuka.

Inda mutane suka fi karaya shi ne shekarar farko. Nau'o'insa biyu, Monarda didyma mai jan fure da Monarda fistulosa, galibi ganye da saiwa suke yi, fure sai shekara ta biyu. Mai gaggawa, ko wanda ke wuri mai zafi, ya nemi Monarda citriodora mai ƙamshin lemun tsami. Ita a shekarar take fure, ta zubar da iri ta mutu, kuma ta fi jure fari. A ganina da ita ya kamata sabon hannu ya fara.

Wajen dashe a bar tazarar santimita 45 zuwa 60. Na san fili zai yi kamar an yi asararsa, amma cunkoso ne ke jawo farar fumfunar nan da ke rufe ganye, musamman ga didyma. A zuba ruwa a gindi, ban da kan ganye. Bayan shekara 2 ko 3 saiwar za ta yaɗu, tsakiya ta fara mutuwa. Sai a tone, a raba, a sake dasa na gefe.

Wanda kuma ya tara iri daga nau'in da aka yi wa aure, kada ya sa ran launin uwar zai dawo. In launin yake so, ya roƙi saiwa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai lambu, mai karanta ku kullum