Kun yi ta maganar sayen bas, ba wanda ya tambayi mai gyara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Shirinku na ranar Asabar ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba yabo ya kawo ni ba. Tun daga farkon shirin har ƙarshensa baƙon nan naku bakinsa ɗaya: meri, wato ofishin magajin garinmu na Garwa, ta ware kuɗi ta sayo manyan motocin bas, a yi mana layi irin na Dakar, ya taso daga Jambutu, ya bi ta babbar kasuwa, ya haye gada zuwa Bokle. Shi kuwa mai gabatarwa ban da "ƙwarai kuwa, Dakta" ba abin da na ji daga bakinsa. Bai iya ce masa ba: to Dakta, ranar da ta lalace wa zai gyara, kuma da kuɗin wa? Wannan tambayar ko yaron da ke miƙo mini sifana a gareji zai yi ta. Na yi ta buga layinku har kuɗin wayata suka ƙare, ba a ɗauka ba. Waɗanda aka ɗauka kuwa duk masu "Allah ya kawo mana" ne.

Ni bakanike ne na manyan motoci. A ƙarƙashin kamyo gemuna ya yi fari. Motocin auduga, motocin shanu, motocin fasinja masu zirga-zirga tsakanin Marwa da Ngaundere, ba wadda ban kwance cikinta ba. Saboda haka in ana zancen sayen bas, ni ba fenti da kujeru nake gani ba. Taya nake gani, da matatar mai, da birki, da ranar da za a jawo mini ita da sarƙa.

Yanzu haka da nake rubuta maka, akwai wata bas a bayan garejina. Ba zan faɗi masu ita ba, sun san kansu. Ranar da aka kawo ta garin nan, ita da 'yar'uwarta, an yi kiɗa, an busa algaita, mata sun yi guɗa, an ɗauki hotuna. Tsohuwar ƙasar Turai ce da aka yi wa sabon fenti, irin mai ƙasa-ƙasan nan da cikinta ke kusa da taɓa kwalta. A can ƙasarsu daidai ne, don tsoho da mai keken guragu su shiga ba wahala. A nan kuwa ramin farko da ta faɗa bayan damina, balan-balan ɗin iska da ke ɗauke da nauyinta ya fashe, ta karkace gefe ɗaya. Na nemi irinsa a garin nan babu. Na aika Yola babu. Na sa aka duba mini Ƙofar Ruwa a Kano, babu. Sai Duwala, a can ma sai an yi oda, sannan a ɗoro shi a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, a sauke a sa a mota ta gangaro da shi. Kafin ya iso, batir ya mutu saboda zama.

Muka tashe ta. Ba ta daɗe ba inji ya fara tari. Irin waɗannan injinan na zamani ba su san wasa da mai ba. Famfonsu da allurar mai ɗinsu ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa ya isa ya kashe su. Direban kuwa an ba shi kuɗin mai rabi, me zai yi? Ya tsaya bakin hanya ya sayi na jarka, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya a ciki. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga zafin watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ruwan lagireto na tafasa tun kafin azahar. Kuma ciwonta ba da kunne ake gane shi ba kamar yadda muke yi wa tsoffin Marsandi. Sai an jona mata kwamfuta, kwamfutar ma irin ta kamfaninta.

Na rubuta takardar kuɗin gyara na kai. Aka ce in dawo. Na dawo aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Daga ƙarshe wani ma'aikaci mai tsoron Allah ya ja ni gefe ya ce, Baba kada ka wahalar da ƙafarka, kuɗin gyara ba a sa shi cikin kasafin bana ba, sai dai a jira na baɗi. Ana cikin jiran baɗi 'yar'uwarta ta lalace, sai aka ce in ciro na wannan in sa wa waccan. Yau a ciro fitila, gobe a ciro sitata, jibi taya. Waccan ɗin ma ba ta kai labari ba. Wadda ke wurina yanzu awakin maƙwabta ne ke shan inuwa a ƙarƙashinta, ta cinye mini filin da zan ajiye motoci biyu, kuma kuɗin aikina na farko har yau ban gan su ba. Direbanta, magidanci mai 'ya'ya, moto, wato babur ɗin haya, yake ja yanzu, nakan gan shi a Yelwa.

Wannan ne abin da Daktanku bai faɗa ba, ko bai sani ba. Sayen mota sau ɗaya ne. Ana iya cin bashi a saya, ana iya neman tallafin FEICOM, asusun gwamnati mai taimaka wa ƙananan hukumomi, ana iya samun Turawa ko 'yan Sin su ba da rance. Akwai hoto a ciki, akwai jawabi, akwai kuma ɗan abin da kan maƙale a hannun mai odar. Amma riƙe mota kullum ne, kuma ba mai ɗaukar hoton juyen baƙin mai. Kowa a garin nan ya san sayen doki ba shi ne wuya ba, dawa da ciyawar kowace safiya su ke raba mai doki da dokinsa. Bas mai tsawon mita 12 tayoyi shida gare ta, mai haɗin tsakiya kuwa goma, kuma a kwaltar nan tamu mai zafi ba sa jimawa. Ga albashin direba da kwandasta da mai gadi kowane wata. Ga gazuwal, wato man dizal, wanda lita ta tashi daga sefa 575 zuwa 720 a watan Fabrairun 2023, ta sake tashi zuwa 828 a Fabrairun 2024. Ko zuwa-zuwa, man Najeriya na fasa-ƙwauri da talaka ke fakewa da shi, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya daina zama abin araha. Da kuɗin tikiti nawa za a biya duk wannan? In aka sa tikitin ya fi kuɗin moto ba mai hawa, don moto har ƙofar gida take kai mutum. In aka sa shi ƙasa, to giɓin daga aljihun meri zai fito, kowane wata, har abada. Merin da kwashe shara ma da ƙyar take yi.

Kuma ba sai mun je nesa neman darasi ba. SOTUC ma'aikatar bas ta gwamnati ce, da ƙarfin gwamnati gaba ɗaya a bayanta, ta yi jigilar mutanen Duwala da Yawunde shekara da shekaru, a 1995 aka rufe ta. Bayanta ne 'yan moto suka mamaye Duwala. A Yawunde an kawo kamfanin Le Bus a 2006, ya durƙushe. An kawo wani kamfanin a 2017 da sababbin motoci da biki, shi ma bai yi tsawon rai ba. Babban birnin ƙasa ke nan, inda ministoci ke kwana. Duk waɗannan ba rashin sayen mota ya kashe su ba. An saya. Shin a ɗakin shirinku ba wanda ya tuna da ko ɗaya daga ciki?

Dakar ɗin da yake ta ambata kamar ya yi hajji can, ai rabin labarin ya ba ku. Gaskiya ne sun buɗe layinsu a 2024, kimanin kilomita 18 daga Gejawaye zuwa tsakiyar birni, tashoshi 23, motoci 121 masu aiki da lantarki. Amma hanya aka fara ginawa, hanyar da bas kaɗai ke bi, da kuɗin Bankin Duniya da bankin zuba jari na Turai. Motocin kuwa ba magajin gari ya saye su ba. Kamfanin da aka ba aikin ne ya nemo kuɗi ya saya, aka ɗaure shi da yarjejeniyar shekara 15, shi zai tuƙa, shi zai gyara. In mota ta kwanta, asararsa ce, don haka ba zai bari ta kwana a kwance ba. Nan ne gishirin maganar yake, kuma nan ne Dakta ya tsallake. Na Duwala ma da Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 420 dominsa tun 2022, a je a tambayi mutanen Duwala tsawon jiran da suka sha. Mu kuma a ce da kasafin meri za a yi?

Ban ma taɓo hanya ba. Bas ɗin da ba ta da hanyarta ita kaɗai, babbar mota ce kawai da za ta maƙale a bakin kasuwa tsakanin 'yan moto da masu baro da masu talla. Ina za a yanko mata hanya a kan gadar Binuwai, gadar da duk tirelolin Chadi da na Arewa Mai Nisa ke bi? Da ya ce a sayo masu lantarki kuwa dariya na yi ni kaɗai. Mu da in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya ake raba mana wuta unguwa-unguwa, injin walda na yakan wuni a kashe, da me za a yi cajin bas?

Kada a ce ba na son bas. Wallahi ina so. Ina ganin mace da goyo a baya, yaro a gaba, buhun gero a kan tanki, duk a moto ɗaya. Ina ganin ɗaliban sabuwar jami'ar nan suna tsaye a rana. Ɗan ƙanwata ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo yau saboda haɗarin moto. Garin nan ya yi girman da ya kamata a ce yana da motar haya ta kirki. Amma in da gaske ake, a fara da abin da za mu iya riƙewa. Motoci matsakaita irin su Coaster, waɗanda kayan gyaransu ke nan a kasuwa kuma kowane yaro da ya ƙware a gareji zai iya kwance injinsu ya ɗaure. A sayi iri ɗaya, ba wannan daga Jamus waccan daga Sin ba. A gina gareji da rumbun kayan gyara tun kafin mota ta farko ta iso. A ware kuɗin gyara a asusu daban wanda ba mai taɓa shi don biki ko tarbar baƙi. A kuma zauna da ƙungiyoyin 'yan moto tun da wuri, don samarin nan da yawansu da wannan sana'ar suke ciyar da gida, kuma in ba a sa su ciki ba su ne za su fara tare hanya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mutanen da kuke gayyata. Kullum mai kwat, kullum mai digiri, mutumin da direba ke buɗe wa ƙofa. Mu da hannunmu ke cikin baƙin mai ba mu da bakin magana ke nan? Ku sake shirin nan. Ku kira bakanike, ku kira tsohon direban bas, ku kira wanda ya taɓa riƙe asusun wata ƙaramar hukuma ya yi ritaya, ba ya tsoron kowa yanzu. Ku zaunar da su kusa da Dakta. In ba ku sami kowa ba ni zan zo, da kayan aikina a jikina, in ya so ku shimfiɗa jarida a kan kujerar. Ku kuma turo ɗan rahotonku da na'urarsa ya zo ya ga bas ɗin da nake faɗa, ya ƙirga abin da ya rage a jikinta.

Sai kuma wata magana tun da na riga na fara. Wa ya ba ku shawarar mayar da shirin Hausa daidai lokacin sallar magariba? Mutum ya zaɓi jam'i ko rediyo? Kafin mu fito daga masallaci an gama labarai an shiga gaishe-gaishe. Kuma farashin kasuwar Pitowa da kuke karantawa duk ranar Litinin kun daina, ba ko sanarwa. Maiɗakina da shi take sanin ko ta aika a auno masara ko ta dakata. Ku mayar da shirin bayan isha'i kamar da, ku dawo mana da farashin kasuwa.

Ina sauraron ranar Asabar in ji ko za a karanta wannan takarda, duka, ba a yanke wurin da ya yi ɗaci ba.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani tsohon bakanike,
Garwa, Kamaru.