A Daina Yi wa Yaranmu Gori a Kan Halittarsu da Gwanintarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyaye da malaman makaranta da limamanmu a kan wasu yara da muke zaune da su a kowace unguwa, daga Jekadafari har Pantami, amma ba a cika maganarsu ba sai in za a yi musu dariya. Ina nufin yaron da Allah ya yi shi da sanyin murya da taushin hali, wanda ya fi son zama kusa da mahaifiyarsa a madafi a kan fita kokawa ko ƙwallo, da kuma yarinyar da 'yartsana ba ta dame ta ba, wadda hankalinta ke kan kwance rediyo da gyaran keke da hawan bishiya. Na daɗe ina koyarwa a firamare a nan Gombe, kuma da wuya shekara ta wuce ban sami irin waɗannan yara a ajina ba.

Abin da ake yi musu sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a filin makaranta lokacin tara. Yaro bai kai shekara 10 ba za a laƙaba masa ɗan daudu, tun bai san ma'anar abin da ake kiransa da shi ba. 'Yan ajinsu su riƙa kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, wani lokaci ma malami ya taya su da murmushi, wanda a wurin yara izini ne cikakke. Idan ya koma gida da kuka sai a ce masa namiji ba ya kuka, uba ya ɗauki bulala, ko a yanke shawarar tura shi wani gari mai nisa wai ya sha wuya ya zama namiji. Ita kuwa yarinyar, mata-maza ake ce mata, a bi ta da tambayar da ba ta ƙarewa: wa zai aure ki a haka?

Sakamakon yana zuwa a hankali. Da farko yaron zai daina ɗaga hannu a aji domin kada a ji muryarsa, sannan ya fara laɓewa lokacin wasa, daga nan fashin makaranta ya biyo baya, karatun da yake da ƙwazo a kai ya lalace. Idan ya fara tasawa, ya ga cewa gida babu daɗi, makaranta babu daɗi, zai nemi inda za a kira shi da sunansa na yanka a ba shi wurin zama, kuma sau da yawa wurin nan tasha ce ko bayan kasuwa, cikin mutanen da ba alherinsa ne a gabansu ba. Masu lalata ƙananan yara sun san wanda ya fi sauƙin kamu: yaron da ba shi da aboki, wanda ya riga ya tabbata cewa idan ya kai ƙara gida shi za a fara zargi. Wato abin da uba ya ji tsoro har ya ɗauki bulala, bulalar ce take tura yaron gare shi.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma ba zan kauce masa ba. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mazan da ke kamanta kansu da mata da matan da ke kamanta kansu da maza, kuma ni Musulmi ne da ke miƙa wuya ga wannan. Amma malaman da suka yi sharhin hadisan ba su tsaya inda mu muke tsayawa ba. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba mutanen gida biyu: akwai wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙiri taushin magana da motsinsa da gangan ba, ya ce wannan babu zargi ko zunubi a kansa, akwai kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wanda shi ne abin zargi. To yaro ɗan aji uku, wanda alƙalami ma bai hau kansa ba tun da bai balaga ba, a wane gida za mu sa shi? A gefe guda kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta fito fili ta hana yi wa juna izgili da jifan juna da miyagun laƙubba. Abin mamaki, mun bar haramcin da yake a sarari muna aikata shi kullum, muna hukunta yaro a kan laifin da shari'a ba ta ɗora masa ba.

Sannan yawancin abin da muke kira aikin mata addini bai kira shi haka ba. An tambayi Nana A'isha (RA) me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. A wata ruwayar ta ce yana ɗinke tufafinsa, ya gyara takalminsa. Ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Da Aƙra'u bin Habis ya gan shi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Duk uban da ke ganin taurin zuciya shi ne mazantaka, ya dubi wanda aka ba wannan amsa.

Ko a al'adar tamu iyakar ba a wuri ɗaya take ba. Telolin da suka cika babbar kasuwar Gombe maza ne, masu shayi da masu tsire da masu balangu maza ne, kuma babu mai yi musu kallon banza domin wuta da tukunyarsu a bakin titi suke, kuɗi kuma suna shigowa. Yaron da ya koyi wannan gwaninta a gindin murhun uwarsa shi ne kawai abin dariya. A kudancin jiharmu, wajajen Kaltungo da Billiri da Balanga, mace da fartanya a gona ba baƙon abu ba ne. Abin da wani gari ke ɗauka abin kunya, tafiyar awa ɗaya a mota za ta kai ka inda shi ne rayuwar yau da kullum.

Game da 'ya'ya mata, hujja ta yi yawa har ba sai na tsawaita ba. Sahabiya Rufaida tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, can aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Nusaiba 'yar Ka'abu ta tsaya da makami ranar Uhudu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru na ilmantar da mata, wanda jajinsu, wato malamai mata, suka kai ilimi ƙauyuka. A zamaninmu Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya a 2014, Hajiya Amina Mohammed kuma tana riƙe da muƙamin Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, kuma su biyun nan Gombe na alfahari da su. Mu ne kuma idan muka kai iyali asibiti muke cewa lallai sai likita mace, alhali mun riga mun kashe gwiwar yarinyar da ke son lissafi da kimiyya da cewa ƙiriniyarta ta yi yawa.

Amma gaskiya yaron namiji ya fi ba ni tausayi. Yarinya mai ƙarfin hali tana da kirari a harshenmu, ana iya ce mata kallabi tsakanin rawuna, ana iya tuna mata Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma yau akwai masu tallafa wa karatun 'ya'ya mata. Shi kuwa yaro mai taushi ba shi da kirari, ba shi da mai tsaya masa, domin duk wanda ya kare shi yana tsoron kada a haɗa da shi a zargi. Uwa takan gane ɗanta, amma ita ma ana ɗora mata laifi cewa ita ta lalata shi da goyo, sai ta yi shiru ko ta koma korarsa daga madafi tana hawaye a ɓoye. Na ga irin waɗannan yara da suka fi kowa tsafta da haƙuri da kula da ƙannensu, waɗanda su ne ke fara zuwa wurin ɗan ajin da ya faɗi ya ji ciwo. Halayen da asibitocinmu ke nema ga ma'aikatan jinya ke nan, su ne kuma muke nema ga malamin ƙananan yara. Da wane dalili za mu doke su daga jikin yaro?

Iyaye sukan kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda, tarbiyya wajibi ce, kuma a koya wa kowane yaro salla da kunya da suturar da ta dace da shi da iyakokin da addini ya shata. Sai dai tarbiyya tana gyara ɗabi'a ne, muryar da Allah ya ba mutum kuwa da abin da hannunsa ya ƙware a kai ba ɗabi'ar banza ba ce da duka zai cire. Abin da irin wannan yaro ya fi buƙata shi ne uban da zai jawo shi jiki: ya riƙe hannunsa zuwa masallaci, ya tafi da shi gona ko shago, ya ci abincin da ya dafa ya sa masa albarka a gaban 'yan'uwansa. Ranar da uba ya ce kada wanda ya sake kiran ɗana da wannan suna, gorin cikin gida ya mutu, na unguwa ma zai yi sauƙi. Yarinyar da ke son sifana da waya kuma a nema mata inda za ta koya cikin mutunci da sa ido, ko a kai ta fannin kimiyya da fasaha, maimakon a tsorata ta da rashin miji.

Mu malamai namu laifin ya fi girma, domin amana aka ba mu. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ta tanadi mutuncin kowane yaro, ta hana a wulaƙanta shi, amma babu jami'in da zai zo ya tsaya a kowane aji. Malamin da ke riƙe da alli shi ne zai tsawatar ko ya ƙyale. Saboda haka ina kira ga Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jihar Gombe da ta sa batun gori da cin zali tsakanin ɗalibai cikin bitar da take yi wa malamai, shugabannin makarantu su ɗauki laƙaba wa yaro mugun suna a matsayin laifi kamar duka, a kuma tattauna shi a taron iyaye da malamai. Limamanmu na Juma'a kuma ina roƙonsu su ware huɗuba guda a kan ayar nan ta Hujurati, su ambaci yara a cikinta ƙarara, domin akwai iyaye da yawa da ba za su karɓi wannan magana daga bakin malamin boko ba, amma za su karɓe ta daga kan mumbari.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare,
Tudun Wada, Gombe.