Me Ya Sa Tsadar Hatsi Ba Ta Ƙara Yawan Amfanin Gona?

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo waya ka tambaya: tunda hatsi yana ta tsada, me ya hana manoman ƙasashe masu tasowa ƙara yawan abin da suke nomawa? Lokaci ya ƙure kafin in amsa, ga amsar yanzu.

Manomi yana sauraron kasuwa, kada a ɗora masa laifi. Idan masara ta yi kuɗi bana, baɗi za ka ga ya rage dawa ya ƙara masara. Amma gonar ita ce dai, masu aikin su ne dai, don haka jimillar hatsin ƙasa ba ta wani motsawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsadar ba ta cika riskarsa ba. Da kaka yake sayarwa, lokacin da kasuwa ta cika maƙil, don ya biya bashin taki da kuɗin 'yan ƙwadago. Kafin farashi ya hau, buhunan sun shiga ɗakin ajiyar ɗan kasuwa, da damina kuma shi manomin ne zai dawo yana awo.

Don ganin abin da ke ƙara yawan amfanin gona, dubi Indiya. Fari ya buge ta a 1965 da 1966, har ta koma dogaro da alkamar Amurka. A 1966 gwamnati ta shigo da tan 18,000 na irin alkama daga Meziko, wanda masanin noma Norman Borlaug ya inganta. Irin gajere ne mai ƙarfin kara. Idan ya sha taki sai zangarniya ta cika, maimakon ya yi tsayi iska ta kwantar da shi. Jihar Punjab tana da magudanan ban ruwa, manoma suka ƙara da rijiyoyin burtsatse. Tun 1965 kuma an kafa Hukumar Abinci ta Indiya, mai sayen hatsi a farashin da gwamnati ta lamunce, sai manomi ya samu ƙwarin gwiwar cin bashin taki. Alkamar ƙasar ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970. Hanyar tana da illa, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa a Punjab yana ta ja da baya.

A Afirka, shugabanni sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa za a kai kilo 50 na taki a kowace hekta zuwa 2015. Har yau yawancin ƙasashen kudu da Sahara ba su kai ba, kuma kusan duk nomansu jiran ruwan sama yake yi.

Wassalam,
ɗan'uwanka.