Zuwa ga aminina a Kano, game da Salaga

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Mu nan Kumasi sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na ga kana so ka taka ƙasar Gwanja a arewacin Gana ka ga Salaga, garin da kakanninmu suka yi fataucin goro. Abu na farko, ka rage girman Salaga a zuciyarka. Sunan ya fi garin. Yau hedikwatar gunduma ce ta karkara, gundumar Gwanja ta Gabas, a jihar Savannah wadda aka yanka daga jihar Arewa a 2019. Mutanen cikin garin, a lissafin da aka yi bayan ƙidayar 2010, wajen dubu 25 ne. Da ƙafa za ka ratsa shi tsakanin la'asar da magariba.

Ka yi hattara da alƙaluman yawan jama'a da ka ce ka gani. Ƙidayar 2010 ta ba gundumar mutum 135,450, ta 2021 kuma ta ba ta 117,755. Wanda bai san wurin ba sai ya ce gari ya watse. Ba haka ba ne. Tsakanin ƙidayar biyu an cire arewacin gundumar an yi sabuwa mai hedikwata a Kpalbe, kamar yadda aka cire Kpandai tun 2008. Ƙasar ce aka rage, ba haihuwa ta tsaya ba. Kuma duka biyun lissafin gunduma ne da ƙauyukanta, ba na garin kaɗai ba, mutane da yawa suna haɗa su. Sannan ma'aikatan ƙidaya inda mutum ya kwana suke rubuta shi, a 2021 daren 27 ga Yuni ne, tsakiyar damina, lokacin da manomi ke kwana a bukkar gona, ɗan gari kuma yana Kumasi ko Akra yana nema. Shi ya sa in ka zo da sallah za ka rantse garin ya ninka.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tudu mai tsawo, ciyawa da kaɗanya da ɗorawa da kuka. Damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ba kamar nan Asante da muke samun biyu ba. Daga Nuwamba hunturu ya shigo, a Maris kuma zafi ya kai maƙura. Kogin Daka yana gabas, tafkin Bolta yana kudu da yamma, amma duk da haka ruwa shi ne ciwon garin tun fil azal. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar irin mai laka ne wanda ba ya riƙe ruwa sosai, don haka sau da yawa a haƙa burtsatse a zurfafa a tashi a banza. Mutanen da suka fahimci haka, sai suka yi ta fafe ƙananan rijiyoyi birjik masu tara ruwan damina. Har yanzu za a nuna maka su, bakinsu ƙunci, cikinsu faɗi. Da rani ya yi nisa ruwan sai ya ja baya ya yi kauri. Kurkunu ya daɗe yana wahalar da wannan yanki, amma alhamdu lillahi, a 2015 aka tabbatar Gana ta rabu da shi. Duk da haka ka riƙa sayen ruwan leda, cikin baƙo ba na ɗan gari ba ne.

Masu ƙasa Gwanjawa ne, kuma sarkinsu na wannan yanki ba a Salaga yake zaune ba, yana Kpembe, 'yar tafiya kaɗan daga gari. Wannan tsari tun asali ne: Kpembe ta sarauta, Salaga ta baƙi da ciniki. In ka je, ka fara kai gaisuwa ga manyan unguwar da ka sauka, su za su nuna maka yadda ake shiga fada, kuma kada ka je hannu rabbana, goro ne mabuɗi. Cikin gari akwai Hausawa da Dagomba da Fulani, a ƙauyuka Konkomba manoman doya da Nchumuru, bakin tafki kuma masunta daga kudu. Ba za ka nemi tafinta ba, Hausa ce harshen kasuwa, sai dai kunnenka na Bakano zai ɗan yi kwana biyu kafin ya saba da ita. Sunayen wurare ma namu ne: akwai Wankan Bayi, akwai Rafin Angulu inda ake jefar da gawar bayin da suka mutu kafin a sayar. Ina roƙonka ka tsaya a wuraren nan biyu ka yi addu'a, don kasuwar ba goro kaɗai ta ci ba.

Abin da ya durƙusar da garin sananne ne. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, su kuma Asantawa suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa sauran, jama'a suka watsu zuwa Yeji da Kete Krachi da Kumasi da Akra. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a Krachi a 1934. Zangonnin kudu da yawa daga wannan watsuwa suka yi ƙarfi.

Sai hanya. Daga nan biyu ce. Gajeriyar ta bi Mampong, Ejura, Atebubu zuwa Yeji, sama da kilomita 200, sai ka tsallaka tafki zuwa Makango, daga can Salaga ba ta kai kilomita 40 ba. Tafkin nan bai wanzu ba sai da aka gama madatsar Akosombo a 1965, shi ya yanke tsohuwar hanyar arewa. Ka bar Kumasi da asuba don ka riski babban jirgin fito mai ɗaukar motoci. In ya kuɓuce maka, kwana a Yeji ya fi shiga kwalekwalen inji da yamma: ana cika su fiye da kima, iska tana tashi bayan azahar, ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a ƙasa, in ruwa ya ja baya su ke fasa cikin jirgi. In dole ta sa, ka nemi rigar ruwa, ka ƙirga kaya kafin ka ƙirga mutane. Doguwar hanyar ta Techiman da Kintampo zuwa Tamale ce, sannan ka gangaro kudu maso gabas wajen kilomita 120. Ta fi cin kuɗin mota da lokaci, amma ba ruwa a gabanka, kuma ita nake ba wa mai tafiya da iyali shawara.

Lokacin zuwa, Disamba ko Janairu: hanya ta bushe, doya ta cika kasuwa, dare da sanyi. Ka taho da bargo da man kaɗe, kuma ka canza kuɗinka zuwa sidi tun a nan Kumasi.

Ka sanar da ni ranar da za ka taso in tare ka a tasha. A gaida Hajiya, a shafa mini kan yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Naka,
amininka a Aboabo, Kumasi