Wasiƙa daga Abhur zuwa Yelwan Yawuri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ku da Inna da Yaya da iyalinsa. Ni ma nan lafiya ƙalau, sai zafin Jidda da kuka riga kuka ji labarinsa. Saƙon muryar da Yaya ya naɗo muku ranar Talata ya iso, na saurare shi ya fi sau biyar. Abu biyu kuka tambaya: wane irin jirgi ne nake gyarawa wanda ba a buga masa ƙusa, sannan ko gam ɗin da muke aiki da shi zai tsayar da yoyon babban jirginmu. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, Auta ya karanta muku a tsanake.

Garejinmu yana Abhur, arewa da Jidda, inda wani hannun Bahar Maliya ya shigo cikin tudu. Abin da aka fi kawo mana shi ne babur ɗin ruwa, Larabawan nan suna ce masa dabbab bahri. Yawancinsu na zama ne, amma wanda maigida ya bar mini shi ne na tsaye. Tsawonsa mita 2 da 'yan kai, ba shi da kujera, mutum ɗaya ke hawa, ya tsaya a wani kwarmi a baya, ya riƙe doguwar sandar tuƙi mai ɗagawa da sauka. Ba shi da farfela a waje irin ta injinmu. Ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso shi ta baya da ƙarfi, feshin ne ke tura shi. Kamfanin Kawasaki na Japan ne ya fara sayar da irinsa a 1973, Yamaha kuma ya fito da nasa mai suna SuperJet a 1990. Wanda zan ba ku labarinsa SuperJet ne tsoho, girman injinsa cc 701, nauyinsa bai kai kilo 140 ba. Samarin da ke hawansa tsalle suke da shi a kan igiyar ruwa, ya tashi sama ya faɗo da ciki, don haka jikinsa yana shan duka.

An kawo shi da tsaga a ƙasa kusa da hanci, tsawonta kamar taƙi ɗaya, an taɓa like ta daga waje an fente. Abu na farko da na yi, abin da na gani a hannunku ne tun ina yaro. Kun tuna yadda kuke bin katakon jirgi da ƙotar wuƙa kuna ƙwanƙwasawa, kuna kasa kunne? Haka na bi cikinsa da kwandala. Inda yake da lafiya sai ya amsa ƙal-ƙal, inda ya rabu daga ciki sai ka ji dum kamar ka bugi rubabben kabewa. Wurin da ya mutu ya ninka tsagar da ido ke gani sau uku. Maigida, wani dattijo ɗan Sudan da ya daɗe a sana'ar, ya tsaya yana kallona, ya ce wa ya koya maka wannan? Na ce mahaifina, a bakin Kwara.

Jikin jirgin faiba ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da gam ya daskare. Amma faiba iri-iri ce, kuma nan ne na taɓa tafka kuskure a watannina na farko. Ƙasan waɗannan tsofaffin jirage ba da hannu aka shimfiɗa shi ba. Kwaɓa guntayen zare ake yi da gam kamar ƙullu, a matse a cikin zubi mai zafi, kuma a cikin kwaɓin akwai wani sinadari mai santsi da ke hana shi manne wa zubin. Gam mai araha da ake kira foliyesta ba ya kama shi da kyau. Ni ban sani ba, na yi wa wani faci da shi, ya yi kyau a ido, mai shi ya tafi. Bayan mako biyu ya dawo da jirgin ruwa cike, na sa farce a gefen facin ya ɓamɓaro gaba ɗaya kamar ɓawon rogo. Wallahi daren nan ban yi barci ba, ina ta tunanin da a tsakiyar teku ya ɓalle masa fa. Tun ranar wani gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi kaɗai nake sa wa irin wannan jiki, ko da ya ninka kuɗi.

Ga yadda na yi da wannan. Mun cire injin da tankin mai, na wanke cikin da sabulun cire maiƙo har sau uku, domin in ka sa giranda a kan maiƙo, cusa shi kake yi cikin faibar, gam kuma ba zai kama ba har abada. Na huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Sai na cinye gefenta da giranda a karkace, ba a tsaye ba. Ƙa'idar ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12: in kaurin milimita 5 ne, to ka ci santimita 6 a kowane gefe. Wanda bai sani ba zai ce ɓarna nake ƙarawa, ramin ya zama kamar faranti. Amma wannan faɗin shi ne abin da sabon zaren zai riƙe.

Na goge da asiton, wato ruwan da ke cire maiƙo, na yanka ƙyallen zaren kashi huɗu, babba a ƙasa, kowane na bisa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta. Ƙyallen da muke sawa zarensa ya gitta juna ta fuska biyu, shi ya sa yake jure murɗawa. Ifoksin da muke saye kashi 5 ne na gam, kashi 1 na maganin daskarewa, a sikeli nake aunawa, ba da ido ba. Ƙara maganin ba ya sa shi saurin bushewa, ɓata shi yake yi ya tsaya da danƙo. Kuma zafin garin nan abokin gaba ne: na taɓa kwaɓa da yawa a kofi da rana tsaka, kafin in juya ya fara hayaƙi, kofin ya narke a hannuna. Yanzu bayan asuba nake yin wannan aikin, kaɗan-kaɗan, in zuba a faffaɗan tire.

Da za ku ga lokacin da gam ke shiga ƙyallen, Baba. Fari ne fat kamar alawayyo, kana danna buroshi sai ya riƙa komawa garau har ka hango abin da ke ƙarƙashinsa. Duk inda ya saura fari, iska ce ta maƙale ko bai jiƙu ba, sai ka bi da ƙaramar rola ka kore ta. Gam da yawa kuma ba ƙarfi ba ne, nauyi ne kawai. Ƙarfin yana cikin zaren. Da na gama waje na koma ciki na shimfiɗa ƙyalle biyu daga hanci har gefen ɗakin injin, na ƙara a gindin sandar tuƙi, inda duk nauyin mahayi ke fizga. Kusurwoyi sai da na cike su da gam mai kauri na zagaye su da yatsa, don ƙyallen ba ya lanƙwasa a kaifi, sai ya bar rami a bayansa.

Ƙarƙashin wurin tsayawa akwai soso da ke hana jirgin nutsewa. Da na yanka na buɗe, ya sha ruwan gishiri ya yi baƙi, bokiti biyu na kwashe. Na bar shi kwana huɗu ya bushe, na zuba sabo. Ruwa biyu ake haɗawa, su kumbura su cika wurin. Ranar da aka gwada shi na tsaya a bakin ruwa har ya dawo, muka buɗe murfin injin, na shafa hannu a ƙasa: a bushe. Ku gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ina sa takunkumi da safar hannu. Ƙurar tana da ƙaiƙayi, amma wanka da ruwan sanyi yana rage shi.

Yanzu maganar jirginmu. Gaskiya, Baba, ban so a lulluɓe shi da faiba. Katakonsa ya shekara da shekaru a ruwa, ya sha ya ƙoshi, kuma katako kumbura yake yana motsawa, faiba ba ta bin sa. In an shimfiɗa ta a kan jiƙaƙƙen katako za ta saki, ruwa ya shiga tsakani ya kwanta, katakon ya ruɓe a ɓoye alhali waje yana sheƙi. Yoyon da kuke gani kuna kwarfewa ya fi mini wannan kwanciyar hankali. Tsumma da kwaltar da kuka saba tura wa a haɗin katako sun fi dacewa da shi. Abin da ya kamata shi ne a fitar da shi tudu, ku ƙwanƙwashe shi da kanku, duk katakon da ya amsa dum a cire shi a sa sabon maɗaci. Ifoksi sai dai ƙananan tsagu na sama, bayan ya bushe sarai.

Ba na mantawa da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021, da yadda gari ya yi tsit kwana da kwanaki. Ga kututtukan da ke ƙarƙashin tafkin Kainji, ga lodin ranar kasuwa. A nan ba a barin kowa ya hau ruwa babu rigar ruwa mai hana nutsewa, ko da gwanin iyo ne. Na sayi guda shida, har da ƙanana biyu na yara, zan ba wani ɗan garinmu da zai dawo daga Umara ya taho da su. Ina roƙonku, Baba, ku fara sawa da kanku. In mutane suka gan ta a jikinku ba wanda zai ji kunyar sa ta.

Kuɗin katako zan turo wa Yaya ƙarshen wata in an biya mu. Kafin nan Auta ya ɗauko mini hoton cikin jirgin ta wajen hanci da ta wajen da injin ke zama, ya auno tsawon katakon da kuke zargi da igiya ya gaya mini. Kada a ɗauki fasinja da shi sai an gama.

A gaishe mini da Inna, a ce mata yajin da ta aiko bai ƙare ba. A gaida Kawu da mutanen bakin ruwa baki ɗaya. Ina neman addu'arku.

Naku ɗa mai biyayya,
daga Abhur, Jidda.